Tsohon filin sikatin na unguwa: a shafe shi da siminti ko a fasa a sake?

Wani ƙanena daga nan cikin Katsina ya turo mani tambaya, na ga gara in amsa a fili don na san ba su kaɗai ke da irin wannan filin ba. Ya ce suna da wani tsohon daɓen kwankare a unguwarsu, da can filin ƙwallon kwando ne, daga baya samari suka gina 'yan tudun gangara guda biyu a gefe don masu sikatin, wato masu takalmin taya da masu allo mai taya. Yanzu ya haura shekara goma, ya tsattsage, ruwa na kwanciya a tsakiya, yaran sun watse sun koma bisa kwalta suna kama bayan keke Napep. Ƙungiyarsu ta tara ɗan kuɗi, wani birkila ya ce a kawo buhu 40 na siminti ya shafe masu shi tas cikin kwana biyu a yi fenti. Su yarda, ko su fasa duka su sake sabo?

To ƙanena, kar ku ba shi buhu arba'in ɗin nan. Ba wai mutumin macuci ba ne, abin da ya saba yi a tsakar gida ya faɗa maku, kuma a tsakar gida yana aiki don silifas ke taka shi. Amma bari mu yi lissafi. Cikakken filin kwando mita 28 ne tsawo, faɗi 15, kenan murabba'in mita 420. In ka kwaɓa buhu 40 da yashi ka baje bisa wannan faɗin, kaurin da za ka samu bai wuce santimita ɗaya ba, kamar kaurin ɗan yatsanka ƙarami. Wannan ɓawo ne kawai. Ba zai kama tsohon daɓen ba, duk tsagar da ke ƙasa za ta fito sama a daidai inda take, kuma kafin damina ta biyu ya fara ɓamɓarewa fale-fale, shi kuma ɓaraguzan da yake zubarwa sun fi tsagar da kuke kuka da ita haɗari ga mai taya. An yi kitso da ƙwarƙwata kenan. Na fi shekara ashirin ina zuba kwankare, gidajen mai da sito-sito da dekin, ban taɓa ganin irin wannan shafen ya yi ƙarko a waje inda rana da ruwa ke dukanshi ba.

Fasa duka kuma shi ma kar ku yi gaggawar shi, sai kun san mi ya kashe na farkon. Tsaga alama ce, ciwon yana ƙasa, kuma a goma tara ruwa ne. Mutane na ganin Katsina ai ba ta da ruwan sama mai yawa, gaskiya ne wata ukku zuwa huɗu ne daminarmu, amma in ya tashi zuba a Agusta kamar da bakin ƙwarya yake yi cikin awa guda, kuma ƙasarmu jigawa ce. Ruwa ya samu tsaga ya shiga, ko ya bi ta gefen daɓen, ya riƙa jan yashin da ke ƙasa kaɗan-kaɗan har a samu rami, daɓen ya rage yana tsaye bisa iska, wata rana ya zauna. Don haka aikinku na farko ba ya cin ko sisi. Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi ku fita da lema ku tsaya a filin ku kalla, ta ina ruwan ke shigowa, daga rufin wa yake zubowa, ina yake kwanciya, ina yake son fita aka tare shi. Da ya ɗauke ku zagaye kowane tabki da alli ko gawayi ku ɗauki hoto. In rani ne ku sa ɗan ga-ruwa ya juye jarka biyar-shida a wurare daban-daban, za ku ga inda ya nufa.

Sai ku samo guduma ƙarama, ko guntun rodi, ko ma sarƙa ku ja ta bisa daɓen. Inda yake da lafiya ƙarar ƙyal-ƙyal za ka ji mai kaifi, inda ƙasa ta gudu ko saman ya rabu sai ka ji ƙwam-ƙwam kamar kana buga ƙwarya a kife. Duk inda ya yi haka a sa mashi jan fenti. Tsagogin ma ba ɗaya suke ba. Akwai siririya kamar gashi wadda gefe da gefe suna daidai, wannan ba komai, ana buɗe ta kaɗan da giranda a wanke a cike. Akwai wadda gefe ɗaya ya ɗara ɗayan tsawo, ka shafa da hannu ka ji mataki, wannan ita ce mai karya haƙori kuma tana nuna ƙasa ta motsa. In kun gama sai ku tsaya nesa ku dubi jan fentin. Ni ƙa'idata, in bai kai kashi ɗaya cikin ukku ba a yanke wuraren da suka lalace a sake su, a gyara sauran. In ya doshi rabi, a fasa, kuma kar ku biya tifa ta kwashe ɓaraguzan, ku farfasa su ƙanana su ne cikon cikin sababbin tudun da za ku gina.

Bari in faɗi abin da ya sa filin nan ya bambanta da duk wani daɓe da maginanmu suka sani. Tayar allon nan ƙarama ce, milimita 50 zuwa 56, kuma tauri gare ta kusan kamar dutse, ba iska a ciki balle ta haɗiye gargada. Yarona na biyu yana hawa, kuma na ga faɗuwarshi da idona, ƙwallon bedi guda ɗaya tal, busasshe, shi ya tsayar da tayar cak, allon ya tsaya shi ya wuce, ɗinki huɗu a haɓa. Masu takalmin taya sun ɗan fi sauƙi don tayarsu ta fi girma ta fi laushi, amma su ma ba sa shiri da gargada. Saboda haka abin da muke kira gama aiki mai kyau a gidan mai, inda ake jan tsintsiya bisa ɗanyen kwankare don kar mota ta yi santsi, nan shi ne ɓarna. Ana son shi sumul kamar tayil, a yi ta gugar shi da cokalin ƙarfe ko injin nan da ake ce ma helikwafta har ya rufe ya yi ƙyalli. Fenti kuwa ku bar shi ga bango. A ƙasa yana santsi in ƙura ta hau shi, kuma taya na cinye shi cikin wata biyu.

Ga wata dabara da ba kowa ke tunawa da ita ba. Inda tsohon daɓen ke da ƙarfi amma samanshi ya yi kaushi tsakuwa ta fito, ku nemo masu aikin tarazo. Injin gugarsu shi ne dai abin da ake buƙata, su ci milimita biyu-ukku daga sama, su kwantar da matakan tsagogi, sai ka ga wuri ya dawo kamar sabo da kuɗin da bai kai na siminti ba. Akwai wani ruwan magani na silikat da ake shafawa bayan gugar yana shiga cikin kwankaren ya ƙara mashi tauri ya hana shi ƙura, in aljihu ya ɗauka a sa.

Inda za a zuba sabo kuwa, nan ne zan daɗe, don nan kuɗin jama'a ke zurarewa. A tone a cire ƙasar banza da saiwoyi, a zuba burji inci shida amma kashi biyu, kowane kashi a yayyafa ruwa a daddaɓe da inji, ba da ƙafar lebura ba. Tun daga burjin ake fitar da gangaren ruwa, santimita ɗaya zuwa biyu a kowace mita, ido ba ya gani mai taya ba ya ji amma ruwa ya sani. Ba kwa buƙatar na'ura, tiyo mai haske da ruwa a ciki da igiya sun isa. Ruwan ya gangara gefe guda ya faɗa kwata ko sokawe, kuma kar a sa ramin magudana a tsakiyar fili, yashi da leda za su toshe shi a sati guda. Shi ya sa ma in wani ya nuna maku bidiyon irin kwarin nan mai kama da tasa da ake yi a Amurka ya ce a tona, ku ce mashi a'a. Rami a nan tabki ne da damina, sauro da yara ƙanana, da rani kuma bola. Komai ku gina shi sama da ƙasa.

Kauri inci huɗu shi ne mafi ƙaranci, da ragar ƙarfe ko rodi mai milimita 10 a jere taƙi ɗaya da rabi tsakani, wato kamar santimita 30, kuma a ɗora shi bisa 'yan duwatsu ya zauna a tsakiyar kwankaren, don rodin da ke kwance a ƙasa ado ne kawai. Haɗi ɗaya, ɗaya da rabi, ukku: siminti mai lamba 42.5, yashin rafi mai kaifi wanda ba laka, tsakuwar dutse. Wannan haɗin na cin kusan buhu 8 a kowace kubik, wato kwankare mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, mita ɗaya zurfi, in da duk filin za ku sake kubik 42 ne, buhu wajen 340. Ka ga nisan da ke tsakanin wannan da buhu 40. Ka buga da farashin yau ka gaya ma 'yan ƙungiya tun yanzu kar a zo ana zargin juna.

Ruwan kwaɓi kuma, ka riƙe wannan ko ka manta sauran: buhu ɗaya, jarka ɗaya mai lita 25, ita ma kar a cika ta, in yashin jiƙaƙƙe ne a ƙara ragewa. Lebura yana son kwaɓi ruwa-ruwa don ya fi sauƙin ɗiba da bajewa, ban ga laifinshi ba in ka ɗauki kwanon sarki sau ɗari a rana, amma duk ruwan da aka ƙara ƙarfi ne aka zubar, shi ke sa saman ya riƙa gari yana tashi. Ku sa mutum ɗaya mai taurin kai bakin miksa, ba shi da wani aiki sai ƙirga jarka. Na taɓa tafiya sallar La'asar na bar wani aiki minti ashirin, ina dawowa na tarar an sa tiyo kai tsaye cikin miksa ana ta dariya, wannan ɓangaren har yau in na wuce ina gane shi, ya fi sauran fari kuma duk ya zaizaye.

Lokaci ma rabin aikin ne. Maris zuwa Mayu zafi na haura digiri 40, kwankare na kamawa kafin a gama gugar shi. Tsakiyar hunturu kuma mutane na cewa ai da sanyi, lafiya lau, alhali busasshiyar iskar nan ta fi rana tsotse ruwa, ka zuba da hantsi kafin Azahar ka ga saman ya yi zane-zane kamar faso. Ni na fi son ƙarshen damina, Oktoba zuwa farkon Nuwamba, ƙasa ta zauna rijiyoyi da ruwa. In dole sai wani lokacin, a fara bayan La'asar a kai dare da fitila, kuma a zuba yanki-yanki daidai abin da masu guga za su iya gamawa. Washegari da sassafe a yanka layuka da giranda, zurfin kashi ɗaya cikin huɗu na kaurin, kowace mita ukku, don kwankare dole ya tsage, kai dai kana zaɓa mashi inda zai tsage ne. Siririn yanka, kar a sa katako a tsakani irin na tsakar gida, taya na faɗawa.

Sai ban ruwa. Kwana bakwai aƙalla bai bushe ba ko na awa ɗaya, a rufe da leda ko tsofaffin buhuna a riƙa jiƙawa, ko a yi mashi 'yar kunya da yashi a gefe a tara ruwa ya kwanta. Cikakken ƙarfinshi sai kwana 28. Ku sa kuɗin ga-ruwa ko tanka cikin lissafi tun farko, don kullum a nan ne ake cewa kuɗi sun ƙare. Kuma ku nemi mai gadi na satin farko, ba don ɓarayi ba, don yaran da kansu, da awaki.

Batun mi za a gina, nan kam ni ba ni da ta cewa sosai kuma kai ma haka, masu hawa su ne masu fili. Ku tara su, har da ƙananan, ku ba su alli su zana a ƙasa inda suke fara gudu da inda suke juyawa. Abin da na lura shi ne manya in za su yi ma yara abu sai su cika wurin da tarkace don ya yi kyau a hoto, alhali abin da mai taya ke so sarari ne, ya samu mita shida-bakwai na ɗaukar gudu kafin tudu da kuma wurin sauka bayanshi, kuma hanyoyi kar su gitta juna. Tudun lanƙwasa guda biyu suna kallon juna, tsawon ƙafa ukku zuwa huɗu, lanƙwasar a zana ta da igiya mai ƙafa shida ko bakwai kamar kamfas a yanka filawud a bi. Dakali ɗaya mai tsawon santimita 30 zuwa 40 da ƙarfen kwana a bakinshi. Fayif ɗaya a kwance. Ya isa a fara. Bakin tudun ana sa fayif inci biyu mai kauri, ya leƙo waje kamar milimita 6 zuwa 10 kawai, mai walda ya yi mashi ƙafafu cikin kwankaren tun yana ɗanye. Wurin da tudu ya haɗu da ƙasa shi ne inda tsofaffin tudunku suka mutu, na tabbata ko ban gani ba, don ana siranta simintin har ya zama kamar takarda sai ya guntule. A yanka tsohon daɓen a nutsa bakin tudun ciki da cikakken kaurinshi. Tudun katako kar ku soma, gara da rana za su raba shi, farantin ƙarfe kuma da azahar ɗin Afrilu sai ya soya ƙwai balle gwiwar yaro.

Kuma in akwai wani tsohon dakali ko kwana da yaran ke so duk da muninshi, a bar masu. A Landan akwai wani wuri ƙarƙashin ginin Southbank da masu allo ke hawa tun shekarun 1970, da aka tashi mayar da shi shaguna a 2013 sai da suka yi ta fafutuka har aka bar masu shi a 2014. Ba wani kyau gare shi ba, sun dai saba da shi ne.

Bedi a dasa don inuwa, ta yamma, amma nesa da daɓen da mita biyar ko fiye saboda saiwa da 'ya'yan da na faɗa maka. A yi ɗan kerbu a zagaye ya tare yashi, a ajiye tsintsiya biyu, duk wanda ya fara zuwa ya share.

Yanzu abin da ya fi siminti wuya. Filin na wa ne a takarda? Kar ku zuba ko kwano ɗaya sai kun amsa wannan. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasar birni a hannun gwamna, don haka cewa ai tun kakanni filin unguwa ne ba ya tsayar da kowa. Wuri yana kango ba mai kallonshi, ranar da kuka gyara shi ya yi fes ranar wani zai tuna ashe nan ya dace da shaguna. A Accra ta Ghana an buɗe Freedom Skatepark a Disambar 2021 da tallafin manyan mutane irin su marigayi Virgil Abloh, duniya ta yi ta yabo, amma bai cika shekara biyu ba rigimar mallakar fili ta taso mashi. Ku fara da mai unguwa, ya kai ku gaba, ku je hukumar tsara birane a duba taswira a ga mi aka ware wurin dominshi, in na makaranta ne ko ƙaramar hukuma a samu yarjejeniya a rubuce da sunan ƙungiya mai rajista, ba sunan mutum ɗaya ba ko da kai ne.

Dattawa kuma ku je masu da girmamawa tun kafin su ji a bakin wani. Kar ka kira wasan da sunanshi na Turanci ka ce siket, na taɓa faɗin haka gaban wani baba ya ce shi bai ga abin da ya haɗa samari da siket ba, aka yi ta dariya maganar ta watse. Ka ce Baba, wurin wasan yaran nan masu takalmin taya muke son gyarawa don mu ɗauke su daga titi, kowa ya ga yadda suke maƙale ma Napep a hanyar Kofar Kaura. Ka zo da ƙa'idoji a hannu: ana kiran salla a tsaya, ƙarfe tara a rufe, ba kiɗa mai ƙarfi, ba shaye-shaye, ƙanana na da lokacinsu, 'yan mata ƙanana ma in iyaye sun yarda a ware masu safiyar Asabar. Fitilar sola biyu ko ukku na korar masu fakewa da duhu fiye da katanga, ni ma ban son doguwar katanga a irin wurin nan, gara mai wucewa ya ga komai. In wani ya ce wasan Turawa ne, ka tuna mashi a hankali cewa folo ma baƙo ne zamanin Sarki Dikko, Sarki Usman Nagogo ya shahara da shi har ƙasashen waje, yau ba mai raba Katsina da shi. Wasan allo mai taya ma ya shiga gasar Olamfik tun ta Tokyo da aka yi a 2021, yarinya 'yar shekara 13 daga Japan, Momiji Nishiya, ta ci zinare.

Kuɗin da ke hannunku ku raba shi haka: magudanar ruwa da cike ramukan ƙasa tukuna, sai yankewa da sake wuraren jan fenti, sai guga, tudu na ƙarshe ko da guda ɗaya ne bana ɗayan baɗi. Ku ware wani abu don hular kwano da abin gwiwa guda biyar-shida da za a riƙa aro, da akwatin aidin da bandeji. Masu tallafi, ko ɗan kasuwar unguwa ko masu sayar da siminti, ku roƙe su kaya ba kuɗi ba, buhu goma ko tifar tsakuwa ta fi sauƙin fita kuma ba ta ɓacewa a aljihu, a rubuta komai a manna a bango.

Ka turo mani hotunan tsagogin, ka ɗora biro ko kwalin ashana kusa da kowace don in gane girmanta, da hoton inda ruwa ke kwanciya da na ƙasan tudun nan biyu. In na shigo gari ranar Juma'a bayan an sauko zan biyo da gudumata mu bubbuga tare, ka ce ma birkilan shi ma ya zo, hannunshi za mu buƙata wajen guga.